Darasin Kimiyya da Ƙwallo a Hannu: Me Yara Ke Koya, Kuma Ina Gardamar Take?

Iyaye da malamai na yawan jin maganganu biyu masu karo da juna a kan yadda ya kamata a koyar da yara kimiyya. Wasu na cewa yaro ba ya fahimtar kimiyya sai ya taɓa da hannunsa, saboda haka a fito da shi fili, a ba shi ƙwallo da abin awo da agogo, ya ga dokokin motsi da idonsa. Wasu kuma na cewa ɓata lokaci ne kawai: yara za su dawo aji da gumi da fara'a, amma in ka tambaye su dalilin da ya sa ƙwallon ya yi abin da ya yi, sai kallon-kallo.

Ruɗanin ya ƙaru bayan fitowar sakamakon jarrabawar PISA ta 2015, wadda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD ke shirya wa 'yan shekara 15 a ƙasashe kimanin 70. Rahoton ya nuna cewa ɗaliban da suka ce ana yawan sa su gwaje-gwaje da bincike a darasin kimiyya, makinsu bai kai na waɗanda malamansu suka fi ba da ƙarfi ga bayani kai tsaye ba. A cikin rahoton nan kuma aka ga cewa masu yawan gwaje-gwajen sun fi yarda da cewa sai da hujja ake karɓar magana a kimiyya, sun kuma fi sa ran yin aikin da ya shafi kimiyya in sun girma. Kowane ɓangare sai ya riƙe rabin da ya yi masa daɗi. Wasanni na tsakiyar wannan gardama, domin suna cikin hanyoyin da makarantu da gidajen baje kolin kimiyya suka fi bi wajen haɗa yara da fiziks.

## Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Idan aka ce kimiyyar wasanni ga yara, ba ilimin horar da ƙwararrun 'yan wasa ake nufi ba. Ana nufin a ɗauki abin da ke faruwa a fili, bugun ƙwallo, gudu, tsalle, jifa, a shiga da shi cikin darussan da dama can suna cikin manhaja: ƙarfi da motsi, jan da ƙasa ke yi wa abubuwa, makamashi, matsin iska, bugun zuciya, da saurin da jijiyoyi ke kai saƙo daga ido zuwa hannu.

Saɓanin yana farawa ne daga abin da kowa ke kira gwaji. Akwai nuni, wato malami ya yi abu yara na kallo. Sanannen misali shi ne a ɗora ƙwallon tanis a kan ƙwallon kwando a sake su tare. Babban zai daki ƙasa ya ɗan taso, ƙaramin kuwa ya yi sama can. A lissafi, da ba a asarar makamashi ko kaɗan, zai iya kusantar ninki tara na tsayin da aka sako shi. Yara kan yi ihu don mamaki, sai dai hannunsu bai yi komai ba, kuma ba lallai ne sun gane abin da ya faru ba.

Akwai kuma sakin yara su gano da kansu: a zube musu kaya a ce su bincika, malami ya ja gefe. Na uku shi ne bincike bisa jagora. A nan malami ne ke kawo tambaya, yara su faɗi abin da suke zaton zai faru su rubuta, su gwada, su auna, sannan a zauna a kwatanta zato da sakamako, malami ya ɗaure zancen da ƙa'idar da ke cikin littafi. In aka bi diddigin gardamar, za a ga sau da yawa mai yabo yana maganar na uku ne, mai suka kuma yana maganar na biyu.

Sai wata ƙa'ida da kowane gwaji ya tsayu a kanta: abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. In ana son a san ko yawan iska a ƙwallo na ƙara masa tashi, dole ƙwallon ya zama ɗaya, daɓen ɗaya, tsayin da ake sakinsa ɗaya, iskar kaɗai ce za ta bambanta. Babba zai ce ai wannan a fili yake. Ɗan shekara takwas ko tara kuwa, in an bar shi, zai canja ƙwallo, ya canja wuri, ya ƙara tsayi, sannan ya yanke hukunci hankalinsa kwance.

## Daga ina hanyar ta samo asali

Tun ƙarshen ƙarni na 19 Henry Armstrong, masanin haɗa sinadarai a Ingila, yake kiran a mai da ɗalibi mai gano abu maimakon mai haddace shi. A Amurka John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, inda yara ke koyo ta hanyar aiki. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta zuba kuɗi wajen sake manhajar kimiyya, ra'ayin Jerome Bruner na koyo ta hanyar ganowa kuma ya samu karɓuwa a farkon shekarun 1960. A Birtaniya shirin koyar da kimiyya na Nuffield da aka fara a 1962 ya cika darussa da aikin hannu. A 1969 Frank Oppenheimer ya buɗe Exploratorium a San Francisco, gidan kimiyya da aka gina don baƙo ya taɓa, ya juya, ya gwada.

Wasanni sun samu shiga saboda kayan ɗakin gwaje-gwaje na da tsada, ƙwallo kuwa da wuya a samu yaron da bai san shi ba. Bayan haka, wasanni cike suke da alƙaluman da doka ta rubuta. Dokar ƙwallon ƙafa ta ce kewayen ƙwallo ya kasance santimita 68 zuwa 70, nauyinsa giram 410 zuwa 450, wurin bugun fenariti mita 11 daga layin raga. Kowane adadi a nan tambaya ce da yaro zai iya bi da abin awo.

## Jiki ya iya, bayani ya kauce

Yaron da ya saba cafe ƙwallo yana sanin inda zai faɗo tun yana sama. Masu goyon bayan hanyar na kafa hujja da wannan, suna cewa rabin darasin na jikin yaron, saura a ba shi suna. Matsalar ita ce iyawar jiki ba ta zuwa da bayani daidai. Tambayi yara me ya sa ƙwallon da aka buga yake tafiya sannan ya tsaya, amsar da za ka fi ji ita ce ƙarfin bugun ne ya shiga cikinsa, da ya ƙare sai ya tsaya. Dokar motsi ta farko da Isaac Newton ya wallafa a 1687 akasin haka ta faɗa: abu mai tafiya zai ci gaba da tafiya har sai wani abu ya rage masa gudu. Ƙafa ta gama aikinta tun da ta rabu da ƙwallon, ciyawa da iska ne ke cin gudunsa. An ce gani ya kori ji, amma a nan abin da ido ke gani kullum shi ne ke ƙara kafa kuskuren, tun da duk ƙwallon da yaro ya taɓa gani ya tsaya daga ƙarshe.

Ba yara kaɗai ba. A farkon shekarun 1980 Michael McCloskey na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a inda ƙwallo zai faɗa in mai tafiya ya sake shi daga hannu. Da yawa suka ce kai tsaye ƙasa zai faɗo, daidai inda aka sake shi.

Gwajin da ke taɓa wannan kuskure ba ya bukatar komai sai alli da ƙwallo. A zana da'ira a ƙasa. Yaro zai taho a guje da ƙwallo a hannu, ya buɗe yatsunsa kawai, ba jifa, da nufin ƙwallon ya faɗa cikin da'irar. Kafin a fara kowa ya rubuta inda ya kamata a saki: kafin a kai da'irar, daidai kanta, ko bayan an wuce. Yawanci za su zaɓi daidai kanta, ƙwallon kuma zai wuce gaba. Nan take wani zai ce, "Malama, ai jefawa ya yi!" Ƙorafin na kan hanya, kuma malamar da ta san aikinta ba za ta ture shi ba. Za ta sa a ɗauki bidiyo da waya daga gefe, a duba a hankali, yara su ga ƙwallon na sauka yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai gudun, domin gudun da yake da shi a hannu bai bar shi ba. Rubuta zaton tun farko shi ne ya sa darasin ya kama. In ba a rubuta ba, rabin ajin za su rantse cewa dama haka suka yi tsammani.

## Rula da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa

Yara biyu, rula ɗaya mai santimita 30. Ɗaya ya riƙe ta daga sama tana reto, sifili yana ƙasa. Ɗayan ya buɗe babban yatsa da manuniya daidai sifili ba tare da ya taɓa ba. Mai riƙon ya saki ba sanarwa, ɗan'uwansa ya cafe. Lambar da yatsu suka tsaya a kai ita ce nisan da rular ta faɗo kafin saƙo ya tashi daga ido, ya je ƙwaƙwalwa, ya sauko ga tsokar hannu. Tun da duk abin da aka saki gudunsa na ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, ana iya mai da nisan lokaci. Santimita 5 kimanin daƙiƙa 0.1 ce, santimita 11 daƙiƙa 0.15, santimita 20 daƙiƙa 0.2, rular gaba ɗaya kuma ta wuce yatsu cikin kusan daƙiƙa 0.25. Ɗalibin da ya ɗan girma zai lura cewa da lokaci ya ninka biyu, nisa ninki huɗu ya yi, daga 5 zuwa 20. Dokar faɗuwar abubuwa ke nan da Galileo ya gano, ta fito daga cikin jadawalin da yaran suka cike da hannunsu.

Daga nan a koma fili. A tseren gudu, duk ɗan tseren da na'ura ta nuna ya motsa ƙasa da daƙiƙa 0.1 bayan ƙarar bindiga, ana ɗaukarsa ya yi riga malam masallaci, domin dokar ta ginu a kan cewa ɗan Adam ba ya ji ya amsa da wannan saurin. Ranar da Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, daƙiƙa 0.146 ya ɗauka kafin ya amsa bindiga, kwatankwacin santimita 10 a kan rula. Haka bugun fenariti: ƙwallon da ke gudun kilomita 100 a awa zai ci mita 11 cikin kusan daƙiƙa 0.4. In rabin wannan ya tafi wajen gani da amsawa, abin da ya rage wa mai tsaron gida bai isa ya kai kusurwar raga mai faɗin mita 7.32 ba. Shi ya sa masu tsaron gida ke karanta jikin mai bugu su zaɓi gefe tun ƙafa ba ta taɓa ƙwallo ba.

Babban amfanin gwajin rula yana wurin da ba a cika kula da shi ba. Yaro ɗaya zai samu 14, ya sake ya samu 22, ya sake ya samu 17. Wanne ne nasa? Daga wannan tambaya ake shiga maganar maimaita awo da fitar da matsakaici, kuma yaran ne da kansu za su ga bukatar hakan. Wani zai cafe a santimita 3, aji ya ce ya yi maguɗi, yana kallon yatsun mai saki. To, a ƙirga ko a jefar? Wace doka za a kafa tun kafin a ci gaba? Wannan ita ce matsalar da hukumar tseren ta warware da dokarta ta daƙiƙa 0.1. Bayan haka ana iya canja abu ɗaya: hannun dama da na hagu, ko a rufe ido a amsa murya, inda galibi kunne kan ɗan riga ido.

## Ƙwallon da ba ya komawa inda ya fito

Dokar tanis ta duniya ta ce in aka saki ƙwallo daga tsayin santimita 254 a kan kankare, ya taso tsakanin santimita 135 da 147. Wato ƙwallo sabo fil, wanda ya cika sharaɗi, yana asarar fiye da kashi 40 cikin 100 na tsayinsa a dukan farko. Yara na iya yin irin wannan awo da bango da alli: a ja layuka duk bayan santimita 10, a saki ƙwallo daga mita ɗaya, wani ya durƙusa idonsa daidai inda ƙwallon ke kaiwa, a riƙa aunawa daga gindinsa kowane karo. Tambayar ita ce ina sauran ya tafi. Ƙwallon na loɓawa in ya daki ƙasa, ya sake cikowa, a cikin wannan loɓawa wani kaso na makamashin ke zama ɗumi, kaɗan kuma ya zama ƙarar da kunne ke ji.

Sai a fara canjawa ɗaya bayan ɗaya. Daɓe, ciyawa, yashi. Ƙwallon ƙafa da ake ƙara wa iska da famfo sau biyar-biyar ana aunawa. Ƙwallon da ya kwana a firji da ɗan'uwansa da ya kwana a ɗaki, inda mai sanyin zai gaza tashi saboda matsin iskar cikinsa ya ragu, robar kuma ta ɗan sandare. A nan yaro zai gane abin da ya sa alƙalin wasa ke duba iskar ƙwallo kafin a take wasa, da abin da ya sa doka ta ƙayyade matsinta tsakanin giram 600 da 1,100 a kan kowace murabba'in santimita.

A wannan gwajin ne kuma aka fi ganin yadda darasi ke suɓucewa. Saki kan koma jifa, awo ya koma gasar wa ya fi wani, a buga ƙararrawa yara na tattara ƙwallaye ba a zauna an tattauna ba. Ian Abrahams da Robin Millar sun kalli darussan gwaji 25 a makarantun sakandare na Ingila, suka wallafa a 2008 cewa darussan na yin nasara wajen sa ɗalibai su yi abin da aka ce su yi da kaya, amma nasarar kaɗan ce wajen sa su haɗa abin da suka gani da ƙa'idar da ake son su fahimta. Minti goma na ƙarshe, lokacin da ake zana sakamako a allo ana tambayar dalili, sun fi duk sauran lokacin daraja, kuma su ne aka fi yankewa.

## Abubuwan da ba sa gwaduwa a fili

Ba kowane abin burgewa ne ke zama gwaji mai kyau ba. Bugun tazarar da Roberto Carlos ya yi wa Faransa a 1997, wanda ya nufi waje sannan ya lanƙwaso cikin raga, misali ne na abin da Heinrich Gustav Magnus na Jamus ya bayyana a 1852: ƙwallon da ke juyawa yana karkatar da iskar da ke wuce shi zuwa gefe guda, iskar kuma ta tura shi ɗaya gefen. Sai dai ba yaron da zai iya buga ƙwallo sau biyu da ƙarfi ɗaya da juyi ɗaya, don haka ba abin da za a kwatanta. Ƙwallon tebur mara nauyi, wanda ke lanƙwasa a tazara kaɗan, ya fi dacewa.

Haka tsallen sama na Dick Fosbury, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Meziko a 1968 da mita 2.24 yana haye sanda ta baya. In jiki ya lanƙwashe sosai, cibiyar nauyinsa na iya bi ta ƙarƙashin sandar alhali kowace gaɓa ta bi ta sama. Da kwali da aka yanka lanƙwasasshe da zare ake nuna wannan, ba da bayan yaro a wurin da ba katifa ba.

## Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Hujjar masu suka mafi ƙarfi ta fito ne a 2006 daga Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark. Sun ce abin da ƙwaƙwalwa ke iya juyawa a lokaci guda kaɗan ne, sabon shiga kuma in an bar shi da kaya da tambaya ba jagora, hankalinsa kan ƙare wajen lalube, ba abin da ya rage na koyo. Suna da shaida da ta shafi ƙwallo kai tsaye. A 2004 David Klahr da Milena Nigam sun yi aiki da yara 112 'yan aji uku da huɗu na firamare a Amurka, inda ake gangaro da ƙwallo a kan katako, ana iya canja gangaren, da santsinsa, da tsawon tafiyar, da irin ƙwallon. An bar rukuni ɗaya su gano ƙa'idar canja abu ɗaya da kansu, ɗayan kuma aka yi masa bayani da misalai. Kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka yi wa bayani suka ƙware, a ɗaya rukunin kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Masu goyon baya na amsawa ta fuska biyu. Ta farko, ko rukunin da aka yi wa bayanin, katakon da ƙwallon suna gabansu, ana kuma tambayarsu ko wannan tsari zai iya tabbatar da amsa. Abin da binciken ya kayar shi ne barin yaro shi kaɗai, bai kayar da aikin hannu ba. Ta biyu, akwai shaidar cewa jin abu a jiki na da amfanin kansa. A 2015 Carly Kontra da Sian Beilock da abokan aikinsu a Chicago sun sa wasu ɗalibai riƙe tayoyin keke masu juyawa suna karkata su, suna jin yadda suke turjewa, wasu kuma na kallo kawai. Masu riƙon sun fi samun maki a tambayoyin da suka biyo baya, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna sassan da ke kula da ji da motsi na aiki lokacin da suke tunanin amsa. Sai dai ɗaliban jami'a ne, ba a ɗora sakamakonsu kai tsaye a kan ɗan firamare.

Binciken da ya fi kusa da raba gardamar shi ne na Louis Alfieri da abokan aikinsa a 2011, waɗanda suka tattara nazarce-nazarce 164. Ganowa ba jagora ta gaza bayani kai tsaye. Ganowa da jagora kuwa, inda ake ba yaro misali, ana gyara masa, ana sa shi ya faɗi dalilinsa, ta fi sauran hanyoyin da aka gwada ta da su. Shi kuma sakamakon PISA, alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa gwajin ne ya jawo ƙarancin maki ba. Ɗalibai ne suka faɗi yawan abin da ake yi a ajinsu, kuma tambayar ba ta rarrabe gwaji mai tsari da na hayaniya ba. Idan aka haɗa duka, shaidar ta fi karkata ga cewa gwaji na ƙara wa bayanin malami ƙarfi, amma ba ya maye gurbinsa.

## Yadda abin zai shafi malamai, yara da iyaye

Nauyin ya fi faɗawa kan malami. Darasin rula ya fi karanta shafi a allo cin lokaci, aji mai cunkoso kuma na bukatar a raba yara rukuni-rukuni, kowa da aikinsa: mai saki, mai awo, mai rubutu. Yana kuma bukatar malamin da ya san fiziks ɗin sosai, domin yara za su kawo sakamakon da littafi bai faɗa ba. Littafi zai ce jifa ya fi nisa in an ɗaga shi digiri 45, yaran su auna su ga ƙasa da haka ya fi. Malamin da bai san wannan ba, wato cewa lissafin 45 ya ɗauka babu iska, kuma abin zai sauka daidai tsayin da ya tashi, zai ce yaran ne suka yi kuskure, ya koya musu ke nan cewa littafi ya fi awo. Makarantar da ta sayi kaya ba ta horar da malamai ba, ta kashe kuɗi a wurin da ba shi ne matsalar ba.

Ga yara, ba kowa ne wasa ke jan hankalinsa ba. Wani nazari da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jiki na awa ɗaya a rana da hukumar ta ba da shawara, kashi 85 a cikin 'yan mata, kashi 78 a cikin maza. Wasu na ganin wannan dalili ne na haɗa kimiyya da motsi, kuma akwai ƙamshin gaskiya, ko da yake darasi ɗaya a mako ba zai cike giɓin ba. Amma alƙaluman na kuma nuna cewa in aka gina darasi a kan wanda ya fi gudu ko ya fi bugu, waɗanda dama ke gefe a filin wasa za su koma gefe a ajin kimiyya. Gwajin bugun zuciya misali ne. Yaro ya ƙirga bugun a wuyan hannu na daƙiƙa 15 ya ninka huɗu, ya yi tsalle na minti ɗaya ya sake ƙirgawa, ya ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya dawo daidai. Darasi ne mai kyau muddin kowa na kwatanta kansa da kansa. Da zarar an jera sunaye a allo, ko an kawo sikelin auna nauyi, ya zama abin kunyata wasu. Mai asma ko ciwon zuciya kuma ya kamata malami ya san da shi tun kafin a fara, a ba shi agogo ko alƙalami.

Iyaye ba sa bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Rula, bango, ƙwallo da kyamarar waya sun isa, wayoyi da yawa ma na ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, abin da ke ba da damar ganin ƙwallo na loɓawa a ƙasa. Abin da ya fi wuya shi ne uba ko uwa su haƙura da ba da amsa har sai yaro ya faɗi zatonsa.

Saura batun jarrabawa. Yawancin jarrabawar rubutu na tambayar ma'ana da lissafi ne, ba ta cika tambayar yaro yadda zai tsara gwaji ba, saboda haka amfanin hanyar ba lallai ya fito a takardar sakamako da wuri ba, kuma wannan na sa shugabannin makarantu ja da baya. Makarantar da ke son sanin ko darasin ya shiga sai ta yi nata awon, da tambayar da ba a taɓa yi a aji ba. A 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafin takalmin tseren titi, kada ya wuce milimita 40. Bayan makonni da darasin tashin ƙwallo, ana iya tambayar yara me ya sa hukumar ta damu da kaurin soso a ƙarƙashin ƙafa, kuma yaya za su gwada takalma biyu su san wanda ya fi mayar da makamashi, me za su canja, me za su bari yadda yake.